Yadda Ake Halartar Tarukan Fasaha da Sadarwar Zamani a Saudiyya, a Dawo da Abin Hannu

A watan Fabrairun 2023 na fara zuwa LEAP, babban taron fasahar zamani da ake yi a Riyadh. Kwana huɗu aka yi, daga 6 zuwa 9 ga wata, kuma masu shirya taron sun ce mutum 172,000 ne suka halarta. Na dawo Jidda da jaka cike da takardu da birai, wayata kuma cike da hotuna. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na shiga Makka, bayan an sauko masallaci na biya Shara Mansur gaida wani dattijo abokin mahaifina. Ya ji labarin inda na je, sai ya ce, "Ɗana, an ce ka je taron masu ilimin waya. To me ka samo mana?" Na ce, "Baba, an ga abubuwa da yawa." Bai ce komai ba, ya miƙo mini wayarsa. Mako biyu ke nan ya kasa shiga Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardun zama da makamantansu, saƙon da ake turo masa kuma bai iya karanta shi ba.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma duk Bahaushen da ya samu shiga irin waɗannan taruka a ƙasar nan ya sani cewa shi ɗan aike ne, ko an aike shi ko ba a aike shi ba. A bayansa akwai direbobi da masu aikin gida da ɗalibai da tsofaffi da dubban alhazai da ke zuwa duk shekara, waɗanda fasahar nan take juya rayuwarsu amma ba wanda ya tambaye su. Abin da ke biye shi ne yadda nake shirya tafiyata tun daga wancan lokaci.

Mataki na farko: nemi tambaya kafin ka nemi tikiti

Babban taro kamar kasuwar Kurmi yake. Wanda ya shiga ba tare da sanin abin da zai saya ba, yawo zai yi har rana ta faɗi. Saboda haka wata ɗaya kafin taro, ka zauna da mutanenka ka saurare su. Je majalisar da 'yan'uwa ke zama bayan Isha'i, ka tambayi matan gidanku, ka tambayi ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura. Kada ka ce musu "me kuke so daga fasaha", ba wanda zai ba ka amsa. Ka ce, "Me ya ba ka wahala a wayarka a watan nan?" A nan za ka ji gaskiya. Wani zai ce an kira shi an ce daga banki ne, ya ba da lambar sirri, aka kwashe albashinsa. Wata za ta ce 'yarta tana sayar da turaren wuta da humra a Snapchat, ba ta san ko doka ta yarda ba. Wani zai ce mahaifiyarsa ta zo Umra ta ɓata a Harami, manhajar da ke wayarta ba ta jin Hausa.

Daga cikin waɗannan ka zaɓi guda ɗaya, ka rubuta ta a jimla ɗaya da Hausa, sannan ka mayar da ita Larabci da Turanci. Idan ba ta shiga jimla ɗaya ba, ba ka gama fahimtarta ba tukuna. Tawa a shekarar da ta biyo baya ita ce: wa ke aiki a kan sanya Hausa cikin manhajojin da alhazai ke amfani da su, kuma ta yaya mai jin Hausa da Larabci zai taimaka? Wannan jimla ce ta zaɓar mini zauren da zan shiga, da rumfar da zan tsaya, da mutumin da zan bi in gaisa da shi.

Tambayar ba ƙarama ba ce. Hausa tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa zuwa gare su, kuma Google ya sa ta cikin manhajarsa ta fassara tun watan Disambar 2013. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa da tsohuwa daga ƙauyen Katsina ko Damagaram a gaban allon waya ya san fassarar rubutu ba ta wadatar da wanda bai iya karatun boko ba. Murya yake bukata. Masu haɗa manhaja a Riyadh ba su san wannan ba sai an gaya musu.

Mataki na biyu: zaɓi taron da ya dace da tambayar

Ba kowane taro ne naka ba, kuma mafi girma ba shi ne mafi amfani ba a kowane lokaci.

LEAP shi ne babba. An fara shi a Fabrairun 2022, Ma'aikatar Sadarwa da Fasahar Zamani na cikin masu shirya shi, kuma daga 2024 aka mayar da shi cibiyar baje koli da ke Malham, can arewacin Riyadh. A shekarar an ce mahalarta sun haura 215,000. Wuri ne na kamfanoni da masu zuba jari da masu neman aiki. Idan tambayarka ta shafi manhaja, ƙirƙirarriyar basira, ko hanyoyin biyan kuɗi ta waya, nan za ka je. Wanda damuwarsa 'yan damfara da masu kutse ce, taron Black Hat na yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka ya fi masa, shi ma a Riyadh ake yinsa wajen ƙarshen shekara tun 2022, sai dai maganganun cikinsa suna da zurfi, na ƙwararru ne.

Mai harkar jarida, rediyo, ko haɗa bidiyo ya nemi Dandalin Yaɗa Labarai na Saudiyya, wanda aka fara a Disambar 2019. Matasa masu son aikin al'umma da shugabanci su duba taron shekara-shekara na gidauniyar Misk, wanda ake yi tun 2016. Shi wannan ya fi saukin shiga ga ɗalibi, kuma bitocinsa na ƙananan ɗakuna sun fi manyan jawaban amfani.

Amma ni a ganina, taron da ya fi kusa da rayuwar Bahaushen Hijaz shi ne taro da baje kolin ayyukan Hajji da Ma'aikatar Hajji da Umra ke shiryawa a Superdome na Jidda. Ba sai ka hau jirgi ba. Can za ka haɗu da kamfanonin hidimar alhazai, da masu manhajoji, da jami'an hukumomin alhazai na ƙasashenmu. A can harshenka ba ado ba ne, kayan aiki ne. Ka tuna cewa a gasar haɗa manhajojin Hajji da aka yi a Jidda a Agustan 2018, wadda ta shiga kundin Guinness da mutum 2,950, ƙungiyar mata huɗu ce ta zo ta ɗaya ta karɓi riyal miliyan 1, kuma manhajarsu, Turjuman, ta fassara alluna ce ga alhazan da ba su jin Larabci. Matsalar da muke gani kullum a titin Ibrahim Khalil na Makka ita ce ta ci gasar.

Sai kuma tarukan da ake tattauna 'yancin masu amfani da intanet da yadda ake tafiyar da ita. Babbansu shi ne Dandalin Gudanar da Intanet na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara a Atina a 2006. Karo na 19 a Riyadh aka yi shi, daga 15 zuwa 19 ga Disambar 2024, a cibiyar taro ta Sarki Abdul'aziz. Yana zagaya ƙasashe ne, amma rajistarsa kyauta ce kuma ana iya binsa ta intanet, har a yi tambaya daga gida. Akwai irinsa na Najeriya da na Afirka ta Yamma, akwai kuma RightsCon da ƙungiyar Access Now ke shiryawa, wanda aka taɓa yi a Tunis a 2019.

Yawancin tarukan cikin gida tsakanin Oktoba da Maris suke faɗowa, lokacin da zafi ya sauka. Tunda azumi da Hajji suna matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, ranakun taro ma suna motsi. Kada ka dogara da ranar bara.

Mataki na uku: rajista

Ka yi rajista a shafin taron na ainihi, ba ta hanyar wani saƙo da aka turo a WhatsApp ba. Masu damfara sun san lokacin taruka, suna buɗe shafuka masu kama da na gaskiya. Ka rubuta sunanka da haruffan boko daidai yadda yake a iƙama, wato katin izinin zama, ko fasfo, domin a ƙofa za a iya haɗa bajonka da shaidarka. Mu da sunayenmu ake rubuta su iri uku, Muhammad da Mohammed da Mamman, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tikiti hawa-hawa ne. Akwai na mai shiga kallon baje koli, wanda sau da yawa kyauta ne ko mai araha, akwai na wakilai da masu zuba jari masu tsada. A karon farko na ƙasan ya ishe ka. Idan kai ɗalibi ne, ka yi amfani da imel ɗin jami'arka. Inda aka tambayi wurin aiki da muƙami, faɗi gaskiya. Idan kai mai gyaran waya ne a unguwar Balad ta Jidda, rubuta haka. Kada ka kira kanka ɗan jarida don kana da shafi a Facebook, domin bajon 'yan jarida yana da nasa sharuɗɗa kuma ana neman shaida.

Za a turo maka lambar QR ta imel. Ka ɗauki hotonta ka ajiye a waya, ka kuma buga ta a takarda. A ƙofar da dubban mutane ke tsaye, intanet takan yi nauyi, imel ya ƙi buɗuwa.

Magana ɗaya a nan ga 'yan'uwanmu da takardunsu ba su cika ba, ciki har da waɗanda aka haifa a Makka ko Jidda amma har yau ba su da iƙama. Kada son taro ya sa ka kama hanyar Riyadh. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma ba a shiga jirgi ko otal sai da shaida. Manyan jawabai da yawa ana saka su a YouTube. Ka bi daga gida, ka ba wanda zai je tambayarka ya kai maka. Wanda kuma zai taso daga Najeriya ko Nijar, ya nemi wasiƙar gayyata daga masu taron da wuri, ya bi irin bizar da suka nuna masa.

Mataki na huɗu: hutu, kuɗi da hanya

Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, manyan tarukan kuwa a ranakun aiki ake yinsu. LEAP na 2025 daga Lahadi 9 zuwa Laraba 12 ga Fabrairu aka yi. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana 21 a shekara, ya zama 30 bayan shekara 5 a wuri ɗaya, amma mai aikin ne ke da ta cewa a kan lokacin. Ka sanar da kafilinka, wato wanda iƙamarka ke ƙarƙashinsa, ko shugabanka mako uku kafin lokaci, a rubuce. Ka nuna masa abin da wurin aikin zai ƙaru da shi. Ba lallai ka yi kwana huɗu ba. Kwana biyu na tsakiya sun fi, domin ranar farko ta manyan baƙi ce da cunkoso, ranar ƙarshe kuma masu rumfuna sun gaji, wasu sun fara naɗe kaya.

Tsakanin Jidda da Riyadh kimanin kilomita 950 ne. Jirgin ƙasan Haramain Makka da Jidda da Madina yake haɗawa, ba ya zuwa Riyadh. Jirgin sama kamar awa ɗaya da rabi ne, kuma kamfanonin flynas da flyadeal sukan yi sauƙi idan ka saya da wuri. Bas ya fi araha amma zai ci maka fiye da awa 10. Kuɗin jirgi da na otal suna tashi sosai a makon babban taro, don haka da zarar an sanar da rana ka kama.

Masauki: in kana da ɗan'uwa a Riyadh, ka kira shi tun da wuri, kada ka faɗo masa da dare. In babu, ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaki mai kayan girki. Unguwar Batha ta fi Olaya sauƙi nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasan cikin birnin Riyadh, mai layi 6, wanda ya fara aiki a Disambar 2024, ya rage wahala ƙwarai: riyal 4 na awa biyu, riyal 20 na kwana uku, akwai layin da ke tasowa daga filin jirgin Sarki Khalid, akwai kuma taragon iyali da mata za su zauna a natse. Amma bai kai Malham ba. A 2024 na shafe fiye da awa biyu a cikin mota kafin in isa ƙofa, zaman da na fi so kuma ya wuce ni. Ka duba inda motocin masu taron ke ɗaukar mutane, ka fita bayan sallar Asuba da karin kumallo, ka kuma bar wurin ko kafin La'asar ko bayan Isha'i.

Mataki na biyar: jaka

Iƙama ko fasfo, takardar QR, caja da fawa-bank, takalmin da za ka iya yini a tsaye da shi, ƙaramin littafi da biro, gorar ruwa, da dabino. Abincin cikin zaure tsada gare shi, layinsa kuma dogo. Mutumin Jidda ya ɗauki rigar sanyi, domin daren Riyadh a Fabrairu ba irin namu ba ne. Ni da kaftani da hula nake zuwa. Sau da yawa hular ce ke sa wani ya tsaya ya tambaye ni daga ina, hira ta fara.

Mataki na shida: cikin zaure

Daren jajibiri ka sauke manhajar taron, ka bi jadawali da tambayarka a hannu. Zama uku a rana ya isa. Ka duba taswira, domin tsakanin zaure da zaure tafiyar minti 15 ce a wasu wuraren. Da ka shiga, ka fara sanin inda masallaci da banɗaki suke, ka tsara zamanka da lokutan salla.

Babban dandamali shi ne ya fi haske da ƙara, shi ne kuma ya fi ƙarancin amfani ga irinmu. Ministoci da shugabannin kamfanoni za su sanar da biliyoyin daloli, gobe ka karanta a jarida. Ilimin yana ƙananan ɗakuna inda mutum talatin ke zaune da mai magana ɗaya, da kuma layin rumfunan ƙananan kamfanoni, inda wanda ya haɗa manhajar da hannunsa yake tsaye yana jiran wanda zai kula shi. Inda ake fassara kai-tsaye tsakanin Larabci da Turanci, ka karɓi na'urar kunne a bakin ƙofa. Ba abin kunya ba ne.

Ka shirya yadda za ka gabatar da kanka cikin numfashi biyu. Sallama, suna, abin da kake yi, sannan tambayarka. Ni nakan ce: "Ina zaune a Jidda, ina jin Hausa da Larabci da Turanci. Duk shekara dubban alhazai masu jin Hausa suna zuwa daga Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. Manhajarku tana magana da su?" Kusan kullum amsar ita ce a'a, sannan su ce, "Hausa ɗin mutum nawa ke jinta?" Sai in ce gomman miliyoyi, kuma ita ce harshen kasuwa daga Kano har Agadas, har Sudan akwai masu ita. Daga nan su ne ke neman lambata. Abin mamaki, da yawansu sun san sunan dangi na Hausawi, sun yi makaranta da masu wannan suna, sun ga 'yan ƙwallo masu shi, amma ba su taɓa haɗa shi da harshe mai rai da za a sa a manhaja ba.

Idan an buɗe fagen tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma ya taƙaita. Ka rubuta tambayar tun mai magana yana magana. Ka miƙe, ka faɗi sunanka, ka yi tambaya ɗaya. Kada ka yi wa'azi, kada ka ba da tarihin ƙasarku. Idan lokaci ya ƙure ba a zo kanka ba, ka tsaya gefen dandamali ka same shi yana saukowa.

Duk wanda kuka yi musayar lamba ko LinkedIn da shi, ka rubuta layi ɗaya a littafinka nan take: wane ne, me kuka ce, me ka yi alkawari. Bayan kwana biyu fuskoki za su cakuɗe maka. Mutum biyar da kuka yi magana ta gaske sun fi kati hamsin. Kada kuma ka manta da namu: za ka ga 'yan Najeriya da Nijar da Sudan a wurin, wasu da rumfunansu. Ka gaishe su. Amma kada ku dunƙule wuri ɗaya kuna hirar gida har yamma, wannan kuna iya yinta a masauki.

Ga 'yan'uwa mata: wuraren nan cike suke da mata injiniyoyi da shugabannin kamfanoni, kuma ba wanda zai kalle ki don kin ɗaga hannu. Idan kin fi sakewa da tafiya da wata, ku yi rajista tare ku raba zaurukan tsakaninku, da dare ku haɗa abin da kuka samo.

Mataki na bakwai: bakinka da wayarka

Wannan shi ne matakin da na fi so a karanta da kyau, musamman matasan da suka saba da yadda ake magana a Facebook da X a gida Najeriya. Nan ba can ba ne. Baki shi ke yanka wuya, kuma a zamanin nan yatsa ma yana yi.

Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta hanyar na'ura. Ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 3 ga wanda ya haɗa ko ya yaɗa abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a, addini ko tarbiyya. Kalmomin suna da faɗi, kuma an yanke wa mutane shekaru masu yawa a kurkuku saboda rubutun da suka yi a shafukansu. Zanga-zanga haramun ce a dokar ƙasar. Baƙo kuwa, bayan hukunci akwai tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsa, a raba shi da aikinsa da iyalinsa. Saboda haka kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da izininsa. Kada ka ɗauki jami'an tsaro. Kada ka saka maganar wani a shafinka da sunansa idan a gefe ya faɗa maka. Idan muhawara ta juya ta koma siyasar ƙasar ko ta yankin, ka saurara kawai.

Akwai abubuwa biyu da namu ke faɗawa ciki da kyakkyawar niyya. Na farko talla. Kamfani zai ba ka kyauta a rumfa ya ce ka nuna kayansa ga mabiyanka. Tun 2022 talla a kafafen sada zumunta sai da lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara 3, kuma ga baƙo sharuɗɗan sun fi tsauri. Ka gode, ka ƙi. Na biyu tara gudummawa. Ka ji labarin wani aikin alheri, ka dawo ka buɗe rukunin WhatsApp kana karɓar kuɗi a asusunka don marayu ko mara lafiya. Tara kuɗin taimako ba tare da izini ba laifi ne a nan. Akwai hanyoyin da hukuma ta amince da su, irin su dandalin Ehsan da aka buɗe a 2021, da ƙungiyoyi masu rajista.

Wannan ba yana nufin hidimar al'umma ta rufe ba. Ƙofarta ce daban. Ƙasar ta sa wa kanta burin samun 'yan sa-kai miliyan 1 a tsarinta na 2030, akwai kuma dandalin aikin sa-kai na ƙasa inda ƙungiyoyi ke sanar da bukatunsu, a rubuta maka awannin da ka yi, a ba ka shaida. A tarukan nan za ka haɗu da ƙungiyoyin da ke hidimar alhazai da marasa lafiya da tsofaffi, kuma mai jin Hausa da Larabci abin nema ne a wurinsu. Koya wa tsoho yadda zai gane saƙon damfara fafutuka ce. Zama da 'yar aikin gida a nuna mata inda ake kai ƙorafin albashi ta hanyar da doka ta tanada, ita ma fafutuka ce, kuma na ga ta share hawaye.

Mataki na takwas: bayan an dawo

Cikin kwana uku ka rubuta wa mutanen da ke littafinka, kowa da nasa saƙon. Ka tuna masa inda kuka haɗu da abin da kuka ce, ka kawo abu ɗaya da za ka iya yi: "Zan iya duba muku fassarar Hausa ta shafuka biyar", ko "Zan iya haɗa ku da alhazai goma su gwada manhajar." Wasu ba za su amsa ba. Bayan mako biyu ka sake tuntuɓa sau ɗaya, ka bar shi. Idan aikin ya zama na kuɗi, ka tsaya ka duba abin da iƙamarka ta ba ka dama, domin yi wa wani aiki ba kafilinka ba yana da nasa hukunci.

Sannan ka sauke aiken. Ka koma wurin mutanen da ka saurara a mataki na farko. Ba sai ka kama zaure ba, falon gida da shayi ya isa. Ka zaɓi abu uku kawai, ka faɗe su da Hausar da kakarka za ta gane, kowa da wayarsa a hannu yana yi kana gani. Ka ɗauki saƙon murya na minti uku ka tura wa waɗanda ba su zo ba, domin namu sun fi sauraro a kan karatu. Masu ƙwazo cikin matasa ka nuna musu Wikipedia ta Hausa da shirin Common Voice na Mozilla, inda mutum ke karanta jimloli da muryarsa don na'urori su koyi harshen. Minti goma a rana ake bukata.

Da na dawo daga taron 2024, ranar Juma'a na koma Shara Mansur. Muka zauna mu tara a falon dattijon nan, na nuna musu cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, kuma lambar da ke fitowa a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ba a danna ta sai idan kai ne ka nemi shiga wani shafi da hannunka. Ya sa na maimaita sau uku, sannan ya kira jikarsa ya ce, "Zo ki ɗauki maganar kawunki a waya, ki tura wa su Hajiya a Madina."